Alfadarin da Ya Ƙi Taka Auduga

A Barakat, gindin ma'auni, ranar Laraba,
Abdul Bagi magatakarda ya buɗe jarida.
Kwananta goma sha biyu a hanya daga Masar,
ta sha shayi a kusurwa, ta sha maiƙon yatsu.
Ya ce, "Ku Takari, ku matso ku ji abin dariya."
Muka matso da buhunanmu a ka, ba mu sauke ba.

Wai a Amurka hukuma ta aiko mutum da jaka,
gona gona yake bi, yana biyan manomi
ya kife audugarsa da garma tun tana fure.
Dantani ya ce ƙarya ne,
ko mahaukacin kasuwar Wad Madani
ba ya sayen kisra don ya zubar a kwata.

Abdul Bagi ya ce tsaya, da saura.
An rufe bankuna, an ƙirga na ciki, an buɗe masu rai.
An tara samarin da aiki ya sallama,
an ba su shebur da takalmi da albashi,
suna dashen itace a kan duwatsu,
suna datse kogi da siminti
don fitila ta kama a ɗakin talaka.

Ni dai na yi shiru ina lissafi.
Shekara bakwai da barinmu Gumel, ni da Tabawa,
niyyarmu kaka biyu a Jazira, sai Sawakin, sai jirgi.
Kaka ta uku farashi ya faɗi rijiya
kamar guga ya tsinke da igiya,
aka ce wata kasuwa ce ta rushe a bayan teku.
Ban taɓa ganin tekun ba,
amma ya shigo har ƙwaryar Tabawa ya rage mudu.

Hukuma mai dogon hannu ai mun santa a nan.
Ita ke buɗe ruwa, ita ke rufewa,
ita ke cewa wannan fage ya huta bana,
ita ke sa a tuge karare a cinna wuta.
Mufattishi na wucewa a kan doki da littafi,
sunan Wad Hamad mai hawasha na ciki,
har rabonsa, har bashinsa.
Mu masu tsinka, a buhu ake ƙirga mu.

Shi ya sa na ce, "Malam, duba mini da kyau,
kuɗin jakar nan wa ake miƙa wa?
Mai gonar, ko mai sunkuyo?"
Ya bi layi da farce har ƙasa,
ya juya shafi, ya tarar da tallan sabulu.
Ya ce, "Jarida ba ta faɗa ba."

Sai ya yi dariya, ya ce ga wanda ta faɗa:
alfadarai sun ƙi.
Tun suna ƙanana aka hore su da bulala
su bi kwari, kada su taka kunya.
Ranar da aka ce su taka, sai suka tirje,
aka koma dukansu don su yi abin da aka hana su.

Kowa ya yi dariya, har Dantani.
Aka ɗora buhuna, ma'auni ya yi ƙara,
aka zuba mini kurshi uku da rabi.

Da dare Tabawa ta kwance ƙullin bakin zane,
ta ƙirga, ta sake ƙirgawa, ta ce saura nawa jirgi?
Na ce saura kaɗan.
Na fita alwala bakin tur'a,
ruwan hukuma na tafiya a miƙe ba ko lanƙwasa,
farar auduga na ƙyalli kamar an shanya harami.
Na ratsa gonar Wad Hamad zuwa masallaci,
ba mufattishi, ba fitila, ba mai kallo,
sai na ga ina ɗaga ƙafa, ina bin kwari.